Gadar Mashigi da Kujerar Onarabul: Shekara Takwas na Wani Ɗan Majalisar Jiha daga Karkarar Bauchi

Mutumin da wannan bayani ya shafa ya wakilci wata mazaɓa ta karkara a arewacin Jihar Bauchi, a majalisar dokokin jiha, daga 2015 zuwa 2023. Na sakaya sunansa da na garinsa, na kuma bar wasu abubuwan da za su iya nuna shi, domin waɗanda ke cikin labarin suna nan da ransu, suna haɗuwa a masallaci da kasuwa. Ni na riƙe masa takardu duk tsawon shekarun nan. Kafin nan makarantar firamare ɗaya muka koyar. Zan kira shi Malam, yadda muke kiransa tun ba a fara ce masa Onarabul ba.

Kafin 2015: rafin da ya raba mazaɓa gida biyu

Ƙasar yashi ce da fadama. Ana noma gero da dawa da wake da riɗi a tudu, shinkafa a kwari. Wani rafi ne ya ratsa ta tsakiya. Da rani a bushe yake ƙayau, yara na buga ƙwallo a cikinsa, mata na tona yashi su ɗebi ruwa. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kuwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi a inda ya taso, sai ya cika ya batse, ya yi kwana biyu ko uku ba mai ƙetare shi sai a kwale-kwale.

Gundumomi huɗu ne a hayin rafin. Kasuwar mako, babban asibiti, sakandare, sakatariyar ƙaramar hukuma da kwalta duk suna wannan gefen, kuma mashigi ɗaya ne ya haɗa su. In ruwa ya ɗan janye, samari huɗu ke cicciɓar babur su ƙetarar da shi a biya su. Amalanke ba ta shiga. Masu sayen hatsi sun san manomin hayi ba shi da hanya, don haka farashin da suka ga dama suke yi masa. Wadda ta fi shan wuya ita ce mai naƙudar da haihuwa ta gardama. A kan ƙyauren ɗaki ake ɗauko ta, a ajiye a gindin wata tsamiya da ke bakin mashigin, a jira mai fito. Ƙanwar matar Malam a gindin tsamiyar nan ta cika, damina biyu kafin zaɓe.

Malam hedimasta ne mai takardar NCE, kuma sakataren ƙungiyar ci gaban gari. Duk wasiƙar koke da aka taɓa aikawa kan wannan mashigi, da hannunsa aka rubuta ta. Ba shi da kuɗi, ba shi da wani ubangida na a zo a gani.

2015: alkawari a gindin tsamiya

Tikiti ya faɗo masa ne ta hanyar maslaha. Masu kuɗin yankin suna jam'iyya mai mulki a lokacin, biyun da suka nemi takara a APC kuma kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa, sai dattawa suka tsayar da wanda ba ya faɗa da kowa. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, malamai suka yi masa karo-karo.

Ranar da ya je yaƙin neman zaɓe hayi, a gindin tsamiyar aka shimfiɗa tabarmi. Wani tsoho da ya fi kowa shekaru a wurin ya ce: "Malam, mu ba atamfa ko taliya muka zo karɓa ba. Gada muke so. Za ka iya?" Malam ya ce: "Baba, in Allah ya ba ni, kafin damina biyu za ku taka ta da ƙafarku." Aka shafa fatiha. A ranar bai san nawa gada take ci ba, bai kuma san ta wace ƙofa ake bi a same ta ba.

Zaɓen gwamnoni da 'yan majalisun jihohi, wanda aka ɗaga daga 28 ga Fabrairu, an yi shi ranar 11 ga Afrilu. Shekarar "sak" ce, guguwar canji ta kwashi kowa daga sama har ƙasa. Malam ya ci da rata mai yawa, akwatunan hayi kusan kaf nasa ne. A watan Yuni aka rantsar da shi cikin 'yan majalisa 31.

Yunƙuri na farko: ƙudiri a zauren majalisa

Aikin ɗan majalisar jiha a tsarin mulkin 1999 uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗin da gwamna ya gabatar, da bin diddigin yadda aka kashe shi. Ba da kwangila da sakin kuɗi suna hannun ɓangaren zartarwa. Malam ya ɗauki abin da ya fi kusa da hannunsa, ya rubuta ƙudiri yana kira ga gwamnati ta gina gada a mashigin. Ya karanta, wani ya mara masa baya, aka amince ba hamayya, Kakaki ya buga guduma.

Da yamma aka faɗa a rediyo. A hayi labarin da ya isa shi ne "an amince da gada", har wasu suka fara cinikin filin shago a bakin rafi. Amma ƙudiri kira ne kawai, ba ya tilasta wa kowa ya fitar da kwabo. Ga shi lokacin farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da yawa sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto a 2015 kafin su iya biyan albashi, a 2016 kuma tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali. Rani ya zo ya kama hanyar wucewa, ko tifa ɗaya ba ta sauke yashi a wurin ba.

Yunƙuri na biyu: zobba da aikin gayya, ranin 2016

Da ya ga damina ta biyu na ƙaratowa, ya yanke shawarar yi da aljihunsa. Kuɗin da zai sayi motar kirki ya raba biyu, ya sayi tsohuwa, sauran ya zuba a siminti da marmara. Aka ɗauko wani magini na gari da ya saba yin kwalbatin unguwa, ya zuba zobban kankare, aka jera su layi biyu a tsakiyar rafin. Ƙauyukan hayi suka yi gayya ta mako uku. Ba zan manta da wannan aiki ba: maza da daro da shebur, mata na kawo kunu da fura, 'yan makaranta na jidar dutse bayan an tashi. Aka cike gefe da gefe da marmara, aka daddaɓe. A watan Mayu motar ɗaukar kaya ta farko ta bi ta kai ta shiga hayi, yara na binta da gudu.

Ruwan Yuni da na Yuli ya wuce ta cikin zobban lafiya. A watan Agusta aka kwana ana ruwa. Da asuba muka isa wurin, muka tarar rafin ya koma yadda yake tun asali. Marmarar ta tafi gaba ɗaya, zobe biyu na kwance can ƙasa sun cika da yashi, sauran sun karkace. Malam ya tsaya a bakin ruwan da carbi a hannu, ya daɗe bai ce uffan ba.

Daga baya ne wani masani ya warware mana abin da ya faru. Bakin zobban ya yi wa ruwan kaɗan, ƙiraruwa da ciyayin da ruwa ya kwaso suka toshe su, cikon marmarar ya zama madatsa, ruwa ya taru ya haura ta sama. A lokaci guda yana ƙwaƙule yashin da ke ƙarƙashi, tunda ba a yi wa zobban daɓe ko katangar gefe ba. Tun daga ranar 'yan hamayya suka laƙaba masa "Onarabul Zobe".

Yunƙuri na uku: layi a kasafin kuɗi, da abin da ya faru a ƙofar gida, 2017 zuwa 2018

Abokan aikinsa da suka daɗe a majalisa suka ce masa ya jira lokacin kasafi. Da gwamna ya gabatar, kwamitoci suka zauna da ma'aikatu, Malam ya yi ta kai-komo har aka saka layi ɗaya mai sunan mashigin da wani adadi a gabansa. Adadin nan kintace ne, a ofis muka zauna muka yanka shi. Ya sa na yi hoton shafin, muka bi ƙauyuka muna nunawa.

Ba a saki kuɗin ba. Shekarar da ta biyo aka sake saka layin, nan ma shiru. Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne, layi a kasafi izini ne kawai. Kafin kuɗi su fita, sai ma'aikatar da aikin ke ƙarƙashinta ta rubuta takardar neman amincewar gwamna, ta haɗa da zane da ƙiyasin kayan aiki, sannan a bi ƙa'idar ba da kwangila. Namu ba zane, ba awo, ba ƙiyasi. Kuma a shekarar da kuɗi suka yi ƙaranci, kowace ma'aikata ayyukan da ita ta tsara take fara turawa.

A wannan tsakanin ne ƙofar gidansa ta cinye shi, kuma sai na ɗan tsaya a nan, domin wanda bai zauna a zauren ɗan majalisar karkara ba, ba zai gane nauyin abin ba. Malam kan dawo gida daga Bauchi daren Alhamis ko Juma'a. Kafin a idar da sallar asuba benci biyu sun cika, wasu na zaune a ƙasa. Ni ke riƙe da littafi. Wannan matarsa na kwance a asibiti a Azare ana neman jini. Wancan ɗansa zai rubuta jarrabawar fita sakandare, ranar rufe biya ta matso. Mai suna ranar Lahadi ba rago. Mai aurar da 'ya ba gado. Limami da kwanon masallaci ya yaye. Matasan da suka tsare akwati ranar zaɓe, su kuma ba roƙo suka zo yi ba, haƙƙinsu suka zo karɓa. Yawancin mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Ba su da wata hukuma da za su tunkara ne, kansila ba shi da komai, shugaban ƙaramar hukuma ba ya ganuwa, Onarabul kuwa ga ƙofarsa a buɗe, kuma ɗan unguwa ne da ya koyar da 'ya'yansu. Albashi da alawus na wata kan ƙare kafin mako biyu.

Kunyar gadar da ba ta samu ba ta sa ya ƙara sakin hannu. Ya ci bashin banki a kan albashinsa, ya sayo babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe, aka yi taron rabo da rumfa da makaɗa. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a wasu ƙauyukan hayi. Duk babur ɗaya da ya bayar, mutum ɗaya ya gode, tara suka ƙullace shi. Wasu baburan ko mako ba su yi ba aka gan su a kasuwa. Famfunan kuma, da roba ta cinye ko sanda ta karye, sai a jira Onarabul, tunda nasa ne.

Ya fara kwana Bauchi a ƙarshen mako. Ya sayi layin waya na biyu. Wata rana uwargidansa ta ce masa a gabana: "Malam, da kana hedimasta muna cin abinci da kwanciyar hankali. Yanzu ko gaisuwar mutuwa na je, sai an tambaye ni gada."

2019: da ƙyar

Ya riƙe tikitinsa. A zaɓen 9 ga Maris babu sauran "sak", mutane wake da shinkafa suka yi, kowace kujera da wanda suka ga dama. Akwatunan hayi da suka ba shi kusan komai a 2015 suka juya masa baya, ƙuri'un cikin gari ne suka fitar da shi da ƙaramar tazara.

Zaɓen gwamna bai kammalu a ranar ba, sai da aka yi na cike gurbi ranar 23 ga Maris, Bala Mohammed na PDP ya kayar da gwamna mai ci Mohammed Abdullahi Abubakar. APC ce ke da rinjaye a majalisa da kujeru 22. Ranar 20 ga Yuni aka wayi gari da kakaki biyu, rikicin da bai lafa ba sai cikin watan Agusta. Abin da ya shafi wannan bayani shi ne, Malam ya koma majalisa ba jam'iyyarsu ɗaya da gwamna ba, ga bashi, ga gundumomi huɗu da suka yanke ƙauna da shi.

Ƙarshen 2019 zuwa 2021: sauya hanya

A wurin wata ta'aziyya ya haɗu da wani injiniya ɗan yankin da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Malam ya kwashe labarin gada ya faɗa masa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Onarabul, ina zanen?" Babu. Ya ce: "To shekara huɗu kana roƙon abin da ba wanda ya san kamanninsa."

Aka fara daga nan. Malam ya soke rabon shinkafa da atamfar sallah na shekarar, ya biya masu awo da kuɗin. Injiniyan ya kwana uku a hayi. Abin da ya fara yi shi ne tara tsofaffi ya tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa a saninsu. Suka kai shi gindin tsamiya, wani ya ɗora sandarsa a jikinta sama da kan mutum. Injiniyan ya yanke wurin da wuƙa, daga wannan alama aka ɗauki tsayin gadar. Ya bi rafin da ƙafa sama da ƙasa, ya sa aka tona ramuka, ya ce tsohon mashigin ne wuri mafi muni, domin nan rafin ya fi faɗi, ƙasansa kuma zallar yashi ne. Ya nuna wani wuri can sama kaɗan inda gaɓar ta matse, ƙasar ta yi tauri. Zanen da ya fito na kwalbati ne mai ɗakuna da yawa, da daɓen kankare a ƙasa, da katangun gefe, da jeren dutse a jikin cikon hanya.

Sabon wurin gonar mutane ce. Wata biyu dagaci da limami suna zarya kafin magada su yarda a ba su wata gona a madadi. Masu shayi da masu fito na tsohon mashigi ba su ji daɗi ba, kuma ba su ɓoye ba.

Injiniyan ya kuma koya masa lokaci. Kasafin kuɗi ba a majalisa yake farawa ba. Tun tsakiyar shekara ake aika wa ma'aikatu takarda su kawo abin da suke son yi a baɗi, wanda ya jira ranar da gwamna zai gabatar kuwa ya zo fafe gora ranar tafiya. Malam ya ɗauki zane da ƙiyasi ya kai wa daraktan da abin ya shafa tun kafin a rufe, ya koma, ya sake komawa, yana zama a benci kamar kowa.

Sai maganar siyasa. Hanyar da ta bi ta mashigin ba ta tsaya a hayi ba, ta zarce har wata kasuwa a mazaɓar maƙwabta, wadda ɗan majalisarta ɗan jam'iyyar gwamna ne. Malam ya same shi har gida, ya shimfiɗa masa zanen a tabarma, ya ce su nema tare, shi ya shige gaba. Muka bi ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitocin hayi muka rubuta matan da ruwa ya tare a damunan baya, da sunan ƙauye da abin da ya biyo baya. Hakiman ɓangarorin biyu ne suka kai takardar, ba 'yan siyasa ba. Sharaɗin da ba a furta ba amma kowa ya gane shi ne, in aikin ya samu, na gwamnati ne, sunan Malam ba zai hau allo ba. Ya yarda.

Cutar korona ta 2020 ta tsayar da komai na watanni, jihohi suka zaftare kasafinsu na shekarar. Aikin ya shiga kasafin 2021, wannan karon cikin jerin ayyukan ma'aikatar da kanta. Sauran shekarar ta tafi a bin fayil daga tebur zuwa tebur.

A gida kuma ya tara shugabannin gundumomi ya gaya musu ya daina rabon babura da kuɗin suna da na biki. Abu biyu ya bari: mara lafiyar da aka kwantar, da kuɗin jarrabawar marayu, su ma ta hannun kwamitin mutum biyar. Ya sa aka koya wa matasa biyu gyaran famfo, kowane ƙauye ya riƙa tara ɗan abin sayen roba. Bencin ƙofar gida ya ragu. Maganar da ta maye gurbinsa a majalisun shayi ita ce Onarabul ya ƙulle hannu.

Ranin 2021 zuwa 2022: gini

Ɗan kwangila ya sauke kaya bayan an kawar da amfanin gona. Injiniyan nan mai ritaya ya zama idon jama'a, kusan kullum yana wurin da hularsa ta kaba, yana duba kaurin rodi da tsabtar yashi. Sau ɗaya aka samu matsala babba: aiki ya zo ƙarshe, ɗan kwangila ya fara kwashe kaya bai jera dutsen da zai riƙe cikon hanya ba, yana cewa tsadar kaya ta cinye ribarsa. A nan Malam ya yi amfani da ikon bin diddigi da sashe na 128 na tsarin mulki ya ba majalisa. Kwamiti ya kai ziyara wurin, aka buɗe takardar kwangila aka karanta abin da ke ciki, aka rubuta cewa kada a biya kason ƙarshe sai an kammala. Aka jera dutsen a gefe ɗaya da rabin ɗayan. Kafin ruwan farko motoci sun fara hawa.

Mayun 2022: zaɓen fid da gwani

Sabuwar dokar zaɓe da aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022 ta ce in jam'iyya ta zaɓi yin zaɓen fid da gwani ta hanyar deliget, wato wakilan jam'iyya, to zaɓaɓɓun deliget ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a. Masu riƙe da muƙamai, waɗanda a da suke da ƙuri'a kai tsaye, an cire su, don haka Malam kansa ba shi da ƙuri'a a zaɓen da zai yanke makomarsa. A jam'iyyarsa mutum biyar ne daga kowace gunduma. Fom ɗin takarar majalisar jiha naira miliyan 2.

Sunayen deliget daga hannun shugabannin jam'iyya na gundumomi suka fito, mutanen da Malam ya yi shekara biyu bai kai musu goron sallah ba, bai kuma zauna da su ya yi musu bayanin abin da yake yi ba. Abokin karawarsa ɗan kasuwa ne mazaunin birni, wanda tun shekarar da ta gabata yake ɗauke da hidimar jam'iyya: hayar ofis, kuɗin mota, rashin lafiyar iyalan shugabanni. Aka yaɗa hoton Malam tsaye da jami'an gwamnati ranar ƙaddamar da aikin gada, aka ce ga shaidar zagon ƙasa. Da ya ce shi ya kawo gadar, sai a ce a je a karanta allon.

Daren jajibere aka kwashe yawancin deliget aka kai su wani masauki, aka karɓe wayoyinsu. Ɗaya daga cikinsu, tsohon ɗalibinsa ne daga hayi, ya zo ya durƙusa bayan an gama ƙirga. Ya ce: "Malam, wallahi na san kai ka yi mana gada. Amma an sa ni na rantse, kuma ina da bashi." Malam ya ce: "Tashi, Allah ya yi maka albarka." Ya sha kaye da rata mai faɗi. An yi masa tayin tikiti a wata ƙaramar jam'iyya, ya ce ba shi da abin yin yaƙi na biyu.

Daminar 2022 zuwa yau

Ambaliyar 2022 ita ce mafi muni da Najeriya ta gani tun ta 2012, kuma ta yi ɓarna sosai a arewacin Bauchi, musamman Zaki da Gamawa. A rafinmu ruwa ya kai ɗan ƙasa da alamar da aka yanka a jikin tsamiya. Gadar ta tsaya. Gefen da ba a gama jera wa dutse ba ya zaizaye har rabin faɗin hanya, mutanen hayi suka cike shi da buhunan yashi cikin kwana biyu.

Tun daga lokacin babu ranar da hayi ya yanke daga gari. Motocin masu sayen riɗi da shinkafa na shiga har ƙauyuka, mai naƙuda ana fito da ita a mota ko a Keke Napep. Masu fito sun rasa sana'ar damina, samarin da ke ɗaukar babura wasu sun koma acaɓa. Famfuna kuwa, inda aka ci gaba da tara kuɗin roba suna aiki, inda aka daina sun tsaya. Wa'adin Malam ya ƙare a Yunin 2023. Kuɗin sallamarsa bashin banki ya tafi da mafi yawansu. Yana noma, yana kuma koyarwa a wata islamiyya.

Yadda nake ganin lamarin

Yunƙuri ukun farko ciwonsu ɗaya: an nemi gada ba tare da an san wace irin gada ba, kuma an nema a inda ba a bayarwa. Ƙudiri ya sa mutane murnar abin da babu shi. Zobba sun cinye kuɗinsa da gumin talakawa domin an tambayi magini abin da injiniya ya kamata a tambaya. Layin kasafi ya mutu domin ba shi da uwa a ma'aikata. Laifin alkawarin "damina biyu" nasa ne, ni ma da nake gefensa ina tafi ina da kaso. Kuɗin awo da zane bai kai abin da aka kashe a babura ba, da an fara da shi a 2015 da wataƙila an rage shekaru.

Abin da ya yi aiki kuwa ba ƙarfin kujerarsa ba ne, don a zango na biyu ya fi rauni a siyasance. Zane ne da ya mai da koke ya zama aikin da za a iya sa wa hannu, da shiga a kan lokaci, da haɗa kai da wanda gwamnati ke jin maganarsa, da haƙura da suna. Ikon majalisa na gaskiya sau ɗaya ya yi amfani, ranar da aka tsare ɗan kwangila, kuma rabin dutsen da aka bari shi ne daidai inda ruwa ya ci.

Ban yarda da masu cewa gadar ce ta kayar da shi ba, ko cewa duk mai aikin kirki haka zai ƙare. Rufe rabon babura daidai ne. Kuskuren shi ne ya haɗa shugabannin jam'iyya da masu roƙon ƙofar gida ya yi musu kuɗin goro, ya daina zuwa inda suke, alhali ya san mutum biyar-biyar ɗin nan daga hannunsu za su fito. Da ya riƙa ɗaukar su yana kai su bakin aikin, ya sa su cikin masu sa ido, da gadar ta zama tasu, da zargin zagon ƙasa bai samu wurin zama ba. Ko hakan zai rinjayi kuɗin da aka raba a masauki, Allah ne masani. Amma yana yi mini ciwo cewa dubban mutanen hayi, waɗanda suka hukunta shi a 2019 saboda rashin gada, ba a ba su damar cewa komai ba a shekarar da gadar ta samu.

Gefen da ya zaizaye har yanzu buhunan yashi ne ke riƙe da shi, kowace damina sai an sake su. Ƙungiyar ci gaban gari ta mayar da Malam kujerarsa ta sakatare. Wasiƙar neman a ƙarasa jeren dutsen shi ya rubuta ta, ya haɗa da awon wurin da ƙiyasin tifa nawa na dutse ake buƙata, ya kai wa sabon ɗan majalisa da hannunsa.